Yabon da Ba Tubarkalla

Ƙararrawar makarantarmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen darbejiya, ana dukan sa da guntun ƙarfe. Ƙararsa tana kaiwa har rijiyar bayan gari. A safiyar wannan Litinin hedimasta da kansa ya doke shi, ya saurara, ya sake dokawa, har sau uku. Ina tsaye a ƙofar ajina da alli a hannu, ina jin ƙarar tana ratsa busassun gonaki tana ɓacewa. 'Yan aji biyu, ajin hedimasta, suka zo kamar kullum suna ture-ture. Ajina kuwa, inda kowace safiya sai na raba faɗa a kan wurin zama a tabarma, yara huɗu ne suka shigo. Su ma suka zauna can ƙarshen ɗaki, bayansu a jikin bango. Na gaishe su, suka amsa suna kallon ƙasa. Biyu daga cikinsu da sababbin layu a wuya, fatar ko duhu ba ta fara ba.

Shekarata goma sha tara a lokacin. Cikin shekarun saba'in ne, sa'ad da gwamnati ta buɗe firamare a kusan kowane ƙauye, malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa tura irinmu da ko wata uku ba mu yi da gama kwalejin horon malamai ba. Ni 'yar Gumel ce. Aka tura ni wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, mahaifina kuma bai yarda ba sai da aka tuna masa yana da 'yar'uwa a can, wata tsohuwa da suka haɗa kaka, wadda mijinta ya rasu ta zauna ita kaɗai tana kaɗin auduga. A ɗakinta na sauka. Gwaggo nake ce mata.

Ni yarinya ce mai yawan tafiya a zuci. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta baitoci a ciki, a kan hadari, a kan balbelu idan suna komawa da yamma, har a kan teku da ban taɓa gani ba. A kwaleji na fi kowa maki a darasin halayyar yara, kuma abin da na fi riƙewa daga ciki shi ne yabo ke buɗe kan yaro. Idan ya yi daidai a faɗa masa, a gaban jama'a, a sa a tafa masa. Da wannan na shigo ƙauyen, ina ji kamar na zo da maganin da babu mai shi sai ni.

A ajina akwai wata yarinya 'yar Fulani, shekararta bakwai ko takwas. Mutanensu daga tsallaken iyaka suka gangaro bayan farin da ya kashe musu shanu, suka kafa ruga a gefen gari suna noma da 'yan dabbobin da suka rage. Ta fi kowa tsumma a ajin. Kanta ba kitso, fuskarta kullum toka-toka, zaninta wani tsohon ƙyalle ne da ya daɗe da manta launinsa. Amma cikin 'yan makonni ta haɗiye baƙaƙe da wasula, ta fara haɗa kalma kafin in gama rubuta ta a allo. Idan na karanta musu waƙa sau ɗaya, gobe ita za ta maido mini da ita, har da inda na ja numfashi. Na ƙaunace ta, na kuma yanke wa uwarta hukunci tun ban gan ta ba. Na ce a raina ko dai sakarya ce ko marar tausayi. Kowace safiya sai in wanke wa yarinyar fuska da ruwan randar makaranta. Na yago gefen wani ɗankwalina mai ruwan goro na ɗaura mata. Idan an tashi ina hangen ta tana kwance shi tun kafin ta kai bakin hanya, ta cusa a ƙugu, ta ɗebi ƙasa ta shafa a kumatu. Na ɗauka wasan yara ne.

Kwana biyar kafin wannan Litinin, ranar kasuwar Ɗanzomo, na je da yamma sayen sabulu. A gindin tsamiyar da masu nono suke zama na ga yarinyar a tsugune kusa da wata mace siririya, wadda ba ta fi ni da shekara goma ba. Murna ta kama ni. Na ƙarasa da sauri.

"Ke ce uwarta?" na ce. "Kin san abin da kike da shi kuwa? Duk ajina babu kamarta. Ko a Gumel ban ga yaro mai kai irin nata ba. Dubi idonta, kamar taurarin asuba. Wannan yarinyar za ta yi nisa, sai kin ji ana faɗin sunanta a rediyo."

Matar ta sunkuyar da kai. Ta jawo yarinyar ta mayar da ita bayanta.

"Wannan?" ta ce, da Hausarta mai nauyin Fillanci. "Ba ta da amfanin komai, Malama. A juji na tsince ta. Ko kyauta aka ba ki ba za ki karɓa ba."

Raina ya ɓaci. Na ce mata uwa ba ta faɗin haka a kan 'yarta, na sake jera yabon, wannan karon da ƙarfi don sauran matan su ji. Sun kuwa ji, don hirarsu ta ɗauke. Wata tsohuwa mai man shanu ta dube ni ta ce, "Tubarkalla, masha Allah." Ta sake maimaitawa, tana ɗaga mini gira kamar yadda ake yi wa ɗalibin da karatu ya kakare masa. Na yi mata murmushi, a zatona goyon bayana take yi. Na koma gida ina jin daɗin kaina, har na rubuta baiti biyu a kan furen da ya tsiro a juji.

To, ranar Litinin ɗin, da aka fita tara, hedimasta ya kira ni gindin darbejiya. Dattijo ne mutumin Gagarawa, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta fashe a bakinsa.

"Malama, yarinyar nan ta ruga tana kwance tun ranar Juma'a. Jikinta ya yi zafi, idonta ya rufe."

"Ƙyanda ce, ranka ya daɗe. Bazara ce, lokacinta ne."

"Ni ma na san ƙyanda, ba ni za ki gaya wa ba." Ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya mayar. "Ana cewa kin yi mata baki a kasuwa. Wasu sun tsaya a kambun baka. Wasu sun wuce nan."

Bai faɗi kalmar ba, ni ma ban tambaya ba. A unguwarmu a Gumel akwai wata mata da aka taɓa kira mayya tun kafin a haife ni. Ba a ɗibar wuta a gidanta, ba a cin tuwonta ranar Sallah, kuma mu yara idan za mu wuce ƙofarta sai mu dunƙule hannu mu ruga. 'Ya'yanta mata uku sai a garuruwa masu nisa suka samu mazan aure, don an ce abin a nono ake shan sa. Ni ma ina da ƙanne mata uku a gida. Su na fara tunawa.

"Idan yarinyar ta tashi, maganar za ta kwanta," in ji shi. "Idan kuwa Allah ya yi nasa ikon, zan iya rubuta wa ofishin ilimi a mayar da ke gida. Sai dai sunan zai riga ki isa. Abu ɗaya zan gaya miki. Wataƙila su aiko ki je ki kurkure baki a ƙoƙo a ba ta ta sha, kamar yadda ake yi wa wanda ake zargi. Kada ki je. Ranar da kika yi haka kin amsa laifi da kanki. Yanzu tafi gida ki huta."

Hanyar gida ba ta da nisa, amma ranar na ji tsawonta. Wata mata da kullum take tsayar da ni in karanta mata wasiƙar ɗanta daga Kano ta hango ni, ta sunkuci jaririnta daga tabarma ta shige zaure. Wata ta rufe ƙwaryar furarta da faifai. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya nuna ni. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Na riƙa jin harshena a cikin bakina kamar wani abu da aka ba ni ajiya, har na fara tambayar kaina ko gaskiya ne, ko akwai wani mugun abu a jikina da ban sani ba.

Gwaggo tana zaune a inuwar ɗaki tana kaɗi. Ba ta ɗago ba.

"Malamar malamai, yau da wuri? Ko ilimin ya ƙare a hannunki?"

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, mazarinta yana ta juyawa. Da na samu numfashi na fara bayani. Na ce ƙyanda ce, a iska ake ɗaukar ta, yana cikin littafi, jahilci ne kawai ke damun mutanen nan.

"To, 'yar boko," ta ce. "Lokacin da kike zuba jawabinki a kasuwa, wa kike kallo?"

"Yarinyar."

"Uwar fa?"

"Ta sunkuyar da kai. Kunya ce irin ta Fulani."

"Fuska ce take kunya. Hannunta fa, me yake yi?"

Na buɗe baki in ce ban lura ba, sai na ga ashe na gani. Idona ya ɗauka, ni ce ban karanta ba. Ludayin da ke hannunta na dama yana karkarwa har nono ya zuba a zaninta. Ɗaya hannun kuwa ya damƙe wuyan hannun yarinyar, damƙar da ake yi wa yaro a bakin rijiya.

"Huɗu ta binne," in ji Gwaggo. "Biyu a can ƙasarsu, biyu a hanya. Wannan ce ta biyar, kuma tun daga ita ba ta sake samu ba. Tsumman nan da tokar nan da suke ba ki haushi, da gangan ne. Ɓoye ta take yi, don kada ido ya tsaya a kanta, kada mutuwa ta ga abin sha'awa. Ke kuma kika wanke mata fuska, kika ɗaura mata kallabi, kika ɗaga ta a tsakiyar kasuwa kamar mai tallan zane. Ko tubarkalla ɗaya ba ki haɗa da shi ba."

Na san ana yi wa 'ya'yan wabi haka, waɗanda ake haifa bayan an yi ta rasa na gabansu. Na ji a bakin tsofaffi tun ina ƙarama. Sai dai na ajiye shi a wuri ɗaya da tatsuniya, ban taɓa zaton zai zauna a gabana a kan tabarmar aji yana haɗa baƙi da wasali ba.

Bayan azahar wata mata daga ruga ta zo ta tsaya a bakin danga, ta ƙi shigowa. Gwaggo ta fita suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ta dawo ta ce kakar yarinyar ce, uwar ubanta, ta aiko a ce Malama ta zo ta kurkure baki.

"Hedimasta ya ce kada in je," na ce. "Ya ce idan na yi na amsa."

"Gaskiya ya faɗa. Idan kin ƙi zuwa ta mutu, ke ce. Idan kin je ta warke, nan ma ke ce. Ta duk inda kika juya ke ce. To tunda haka ne, ajiye tunanin kanki a gefe na ɗan lokaci. Akwai wata mace a can da kwana uku ke nan ba ta sa komai a bakinta ba. Ba gaba take yi da ke ba, tsoro take ji, irin wanda kike ji yanzu, sai dai nata ya girmi naki. Ni ba zan ja ki ba. Amma idan za ki je, ɗauko mini takalmina."

Na tashi na ɗauko mata takalmin.

A hanya ta yi mini karatu. In fara gaida kakar kafin kowa, in durƙusa har ƙasa. Kada in ambaci waɗanda suka mutu. Kada in tsura wa yarinyar ido. "Wannan dogon bayanin naki na iska da littafi kuma, haɗiye shi. Mai jin tsoro ba ya jin bayani."

Rana ta karkata amma ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Maza biyar ko shida suna zaune a gindin wata aduwa a bakin rugar, da sandunansu a kan cinya. Muna dosowa suka yi shiru. Gwaggo ta gaishe su, suka amsa mata ita kaɗai. Ina jin idanunsu a bayan wuyana har muka sunkuya muka shiga bukkar.

Ciki duhu, da warin hayaƙin wani ganye da zafin jikin marar lafiya. Da idona ya saba na ga yarinyar a kan gadon kara. Ƙuraje sun rufe ta tun daga goshi, leɓunanta sun tsage, idanunta sun manne da kwantsa. Numfashinta yana fita da wata 'yar ƙara kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Na kawar da kai da sauri. Uwar tana zaune a ƙarshen gadon, ba ta dube ni ba. Kakar tana tsakiyar ɗaki, doguwar tsohuwa mai manyan 'yan kunne, da ƙoƙo a gabanta.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, na yi magana a kasuwa ban ce tubarkalla ba. Ƙuruciya ce da rashin sani. Ban nufe ta da komai ba sai alheri. A yafe mini."

"Ashe bakin ya iya magana a hankali," in ji tsohuwar. Ta turo mini buta da ƙoƙon.

Na kurɓi ruwa, na kurkure, na zuba a ƙoƙon. Sau uku. A kurɓa ta uku na ji kamar ina tofar da sunan gidanmu ne a cikin wannan ƙoƙon, da takardar kwalejina, da auren ƙannena. Tsohuwar ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai uwar ta riga ta. Ta yi wata gajeriyar magana da Fillanci. Gwaggo, wadda take jin harshen, ta taɓa ni ta ce a fita, uwar ta ce yarinyar ba za ta iya sha ana tsaye a kanta ba. Muka fito duka, har kakar.

Can sai ga uwar ta fito da ƙoƙon babu komai a ciki, ta kife shi a bakin ƙofa. Kakar ta yi ajiyar zuciya. Mazan suka fara motsi, wani ma ya yi tari. A wurinsu an gama.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, na dubi mutum ba don in yi masa magana ba. Uwar ba ta koma ciki ba. Tana tsaye a bakin bukkar, fuskarta shiru kamar kullum. Amma idonta yana zuwa kan hanyar amalanke da ta nufi Ɗanzomo, ya dawo kan surukarta, ya sauka ƙasa, ya sake komawa kan hanyar. Babban yatsan ƙafarta yana ta haƙa rairayi. Sai na gane tana son a kai yarinyar asibiti, kuma ba za ta taɓa iya faɗa a gaban uwar mijinta ba, musamman yanzu da aka yi maganin da tsohuwar ta nema. Na kuma gane idan na ce maganinsu bai isa ba, na rufe ƙofar da hannuna.

Na koma gaban kakar na sake durƙusawa.

"Inna, ina roƙon alfarma. An yi na gida, Allah ya sa a dace. Amma ni hankalina ba zai kwanta ba sai na yi wahala a kanta, tunda ta dalilina ake wannan magana. Gidanmu a Gumel yana kusa da asibiti. Ki ba ni aron su ita da uwarta, in kai su, mahaifiyata ta yi musu hidima. Don ni za ki yi, ba don ita ba."

Tsohuwar ta dube ni.

"Bakin da ya kayar, shi ne kuma zai tayar?"

"Bar ta ta sha wahalar, Yaya," in ji Gwaggo. "Gobe idan ta ga 'yar mutane ta iya gaisuwa kawai ta wuce. Ni ma ta ishe ni da surutu a ɗaki, ko kazata ta yaba sai ta daina ƙwai."

Wani daga cikin mazan ya yi dariya ta hanci. Kakar ba ta yi ba, amma ta juya ta kira ɗanta, uban yarinyar, suka yi magana da Fillanci. Ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa. Ban dubi uwar ba. Na ji dai yatsan nan ya daina haƙa rairayi.

Da sassafe muka hau amalanken shanu zuwa Ɗanzomo, daga nan muka samu motar ɗaukar hatsi mai zuwa Gumel. Muna bayan mota a kan buhuna, yarinyar a cinyar uwarta, ni kuma na ware mayafina na riƙe a kansu saboda rana. Hannuwana suka gaji har suka mutu, ban sauke ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai in kasa kunne in ji ko ƙarar numfashin nan tana nan. Tun daga ruga har Gumel ba mu yi magana ba. Sau ɗaya kawai, da mayafin ya zame, ta kama gefensa ta taya ni riƙewa.

Mahaifiyata ta karɓe su ba ta tambayi komai ba sai da ta ɗora ruwan zafi. Mahaifina ya ji labarin daga bakina a zaure, har da ƙoƙon. Ya ce, "Kin yi ke nan," ya tashi ya tafi masallaci. Ban san ko faɗa ne ko yarda ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Kwana tara muka yi muna zirga-zirga tsakanin gida da asibiti. Duk lokacin da na hango ma'aikaciyar jinya ta fito da sauri sai in miƙe tsaye. Na daina rubuta baitoci, na daina cin abinci sosai. A rana ta shida yarinyar ta nemi nono. A rana ta bakwai ta buɗe ido, na dama garau, na hagu kuwa wani farin gajimare ya zauna a kansa, kuma bai tashi ba har abada. Da na shigo ta gane ni, ta ce, "Malama." Yabo ya taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi, na ce, "Ke, malalaciya, kin bar mini aji ba mai share allo." Uwar ta kawar da kai, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Da muka koma ƙauye, maganar ba ta mutu ba, ta dai canza kama. Aka ce ruwan ƙoƙon ne ya tashe ta, wato Malama tana da baki, sai dai ba mai mugun nufi ba ce, tunda ta zo da ƙafarta. Kalmar da na fi tsoro ba ta kama ni ba, kuma ba ta bi ni Gumel ba. Yara suka dawo da kaɗan-kaɗan, ban da na gida biyu da ba su sake turowa ba. Har na bar garin bayan shekara biyu, idan na tsaya kusa da jariri sai in ji uwarsa ta yi saurin cewa tubarkalla kafin in buɗe baki. Da farko abin yana sukata. Daga baya na koyi riga su faɗa.

Koyarwata ma ta canza. Na daina sa a tafa wa kowa. Akwai yaron da yabo a gaban aji yake ɗaga shi, akwai wanda yake jawo masa duka a hanyar gida, akwai wadda kallo ɗaya da gyaɗa kai ya ishe ta mako guda. Na koyi duban hannuwa da ƙafafu, da wanda ya zo bai karya ba, da wanda ya yi shiru don bai gane ba da wanda ya yi shiru don an yi faɗa a gidansu. Na koyi sauraron kaina ma, in gane lokacin da nake magana don yaron da lokacin da nake yi don in ji daɗin muryata. Yarinyar ta ci gaba da zuwa da tsummanta da tokarta. Ban sake wanke mata fuska ba. Idan ta yi abin kirki sai in rubuta mata a can ƙasan allonta, ƙanana, ta karanta ta goge da yatsa.

Na yi aure, na koyar a wasu garuruwa, na haifi nawa, na binne ɗaya. Bayan shekara fiye da ashirin na je wani bikin suna a Maigatari, sai wata mata mai goyo ta durƙusa a gabana a tsakar gida ta ce, "Malama." Da farin idon na gane ta. Muka koma gefe muka zauna. Ta ce ta gama firamare, tana karanta wa matan unguwarsu takardun asibiti. Ta ce kakarta ta daɗe da rasuwa, uwarta kuma bara. Na yi mata ta'aziyya, na ce har yau idan na tuna ruwan da aka ba ta ta sha saboda ni sai kunya ta kama ni.

"Ai ban sha ba, Malama," ta ce. "Mahaifiyata ta gaya mini kafin ta rasu. Ta ce ta ji tsoron maganarki ranar kasuwa, amma da ƙurajen suka fito ta gane su, don su ne suka ɗauke mata biyu a hanya. Ta san kaka ba za ta bari a fita da ni ba sai an yi ƙoƙon. Da kuka fita daga ɗakin, ta zubar da ruwan a ƙarƙashin gado, ta tura rairayi da ƙafa ta rufe."